Cibiyar lesin ɗin JAMB da muka kai yarinyarmu: abin da kuɗi ya saya da abin da bai saya ba

Duk mai bin titunan Kano daga Disamba zuwa Fabrairu ya san allunan nan da ake ratayawa a jikin falwaya da katangun makarantu. Hoton yaro ne sanye da farar rigar likita, an rubuta 300 da manyan lambobi, a ƙasa kuma an ce gurbin jami'a tabbas ne. Ɗaya daga cikin irin waɗannan cibiyoyi muka kai 'yar yayata, wadda nake riƙo tun tana firamare, domin shirin UTME ta 2025, wato jarrabawar shiga jami'a da hukumar JAMB ke shiryawa. Iyaye da dama a makarantar da nake koyarwa sun tambaye ni ko wurin ya ci kuɗinsa. Amsata ita ce koyarwarsu ta ci kuɗinta, allon tallarsu kuwa ya kamata su sauke shi. Ba zan kama sunan wurin ba, domin akwai abin da zan yaba, akwai wanda zan kushe, kuma mutane ne masu neman halaliyarsu.

Gidan haya ne mai bene. Azuzuwa suna ƙasa, ɗakin kwamfuta da ofis suna sama. Ajin safe na waɗanda suka gama sakandare ne suke zaune a gida, na bayan la'asar kuma na 'yan aji shida, irin tamu. Mata gefe, maza gefe, da fili a tsakani. Kuɗin wata ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu na albashina, ban da kuɗin takardun da malamai ke bugawa, ban da na adaidaita sahu zuwa da dawowa. Sun yarda a raba biya gida biyu, kuma ban taɓa ganin an kori yaro daga aji a gaban 'yan uwansa saboda bashi ba. Uwa ko uba ake kira a waya. Wannan ya yi mini daɗi, domin na san yadda abin ke karya zuciyar yaro.

Yarinyar tamu a sakandaren gwamnati ta mata take, ɓangaren kimiyya, kuma tun aji ɗaya ba ta fita daga sahun farko ba. Likita take so ta zama, ba ta da magana ta biyu. Ranar da aka karɓe ta aka zaunar da ita gwaji a darussa huɗun da mai neman likitanci ke rubutawa: Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Ta samu 174 cikin 400. Ta dawo gida idonta jajir, ta ce, "Anti, ashe ban iya komai ba." Na ce mata ta iya, sai dai ma'aunin makarantarsu daban, na ƙasa baki ɗaya daban. Wannan gwaji na ranar farko yana cikin abubuwan da na fi yaba musu. Yaro da iyayensa suna sanin inda suka tsaya tun da sauran lokaci. Abin da ban so ba shi ne, bayan sun auna kowa, sai suka haɗe mai 120 da mai 230 a aji ɗaya, benci ɗaya. Auna yara ba tare da raba su ba rabin aiki ne.

Da yake ni ma da alli nake cin abinci, na nemi a bar ni in riƙa zama a bencin baya lokaci zuwa lokaci. Ba su hana ni ba.

Malamin Kemistiri shi ne jarin wurin. Dattijo ne mai sanyin murya, ba ya shiga aji da littafi, sai alli da 'yar takarda a aljihun gaba. Ranar da na same shi, babin mol yake koyarwa, babin da yara da yawa ke sallama Kemistiri a kansa. Ya tambayi wata yarinya ƙwai nawa ne a dozin. Ta ce sha biyu. Kankana fa? Ta ce sha biyu. Ya ce to wanne za ki iya ɗauka a ka zuwa gida? Ajin ya yi dariya. Ya ce haka mol yake, ƙidaya ɗaya ce, nauyi ne ya bambanta. Sai ya rubuta 6.02 × 10²³ a allo, ya ce mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, mol ɗaya na gishirin miya giram 58.5, amma adadin da ke cikin kowanne wannan lamba ce. Daga nan bai ƙara bayani ba, ya zuba musu tsofaffin tambayoyin JAMB a jere, yana zagayawa tsakanin bencina yana leƙa littafin kowa. In ya ga kuskure ba ya gyarawa, sai ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, "Sake duba nan, 'yata." Da Hausa yake buɗe bayani, da Turanci yake rufewa, kuma ba ya barin babi sai yaran sun iya karanta tambayar da Turancinta sun gane abin da ake nema. Na shekara da shekaru ina koyarwa, amma na ƙaru da shi.

Malamar Bayoloji ita ma ta iya aikinta. Zane take sa su yi da hannunsu, zuciya, ƙoda, fure, su sa wa kowane sashe suna, ta karɓa ta duba. Fiziks kuwa ya sha wahala. Malamin farko matashi ne mai ilimi, amma da allo yake magana, ya cika shi ya goge kafin na baya su kwafe. Ana tsaka da zango ya samu wani aiki ya tafi, aka yi kwanaki babu kowa, wanda ya gaje shi kuma ya faro daga inda ya ga dama. Babin lantarki da maganaɗisu a gurguje aka bi ta kansu.

Inda cibiyar ta fi rauni shi ne Turanci, kuma nan ne bai kamata ta yi rauni ba. Jarrabawar UTME tambayoyi 180 ce a cikin awa biyu. Turanci kaɗai 60 ne, sauran ukun 40 kowanne, kuma ko wane kwas yaro yake nema sai ya rubuta shi. Malamin da suke da shi karanta tambaya yake yi, ya ce amsa C ce, ya wuce. Bai cika tsayawa ya faɗi abin da ya hana ta zama B ba. Sashen furuci, inda ake tambayar gaɓar da ake dannawa a kalma da sautin da ya yi daidai da wani, a allo yake rubuta shi, alhali abu ne na kunne. Littafin labarin da JAMB ke sanyawa a karanta ma taƙaitawa ya raba musu a takarda, yara da yawa ba su buɗe ainihin littafin ba. Yaranmu na makarantun gwamnati da Hausa suke tunani, da Hausa suke hira, Turanci sai a aji. Abin da suke buƙata shi ne a zaunar da su su karanta dogon rubutu, a tambaye su abin da suka fahimta, a yi ta maimaitawa. Na faɗa wa daraktan wurin haka. Ya saurare ni da ladabi, ya ce malamin Turanci mai kyau tsada gare shi. Na yarda da tsadar. Amma raunin Turanci ba a Turanci kaɗai yake tsayawa ba, yana bin yaro har cikin tambayar Fiziks.

Bayan koyarwar malamai irin na Kemistiri, ɗakin kwamfuta shi ne dalili na biyu da zai sa in ce a kai yaro. Tun 2015 JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya, amma har yau akwai ɗaliban aji shida da ba su taɓa zama gaban allon kwamfuta ba, tamu tana cikinsu. Ranar Asabar da Lahadi ake hawa da su rukuni-rukuni. Kwamfutocin tsofaffi ne, wasu haruffan sun goge, sai an manna takarda an rubuta da biro. Manhajar da ke kai dai ta kwaikwayi ta ainihi: agogo yana ƙirgawa a saman allo, A, B, C, D na zaɓar amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙa aiki. Saurayin da ke kula da ɗakin yana da wata al'ada da na so. In lokaci ya yi rabi sai ya buga tebur ya ce kowa ya duba lambar tambayar da yake kai. Ya koya musu lissafin da kansu: minti 120 a raba wa tambaya 180, kowace ta samu daƙiƙa 40. Tambayar da ta ƙi, a wuce ta a dawo. A gwajinta na farko a kwamfuta, tamu ta bar tambayoyi da yawa ba ta ko gan su ba. Kafin Afrilu tana gamawa har ta koma ta duba.

Matsalar ɗakin ita ce ƙanƙanta. Yara sun ninka kwamfutocin sau da yawa, wuta ba ta tsayawa, injin kuma in ya tashi yau gobe sai an kira mai gyara. Da farko wanda ya riga hawa shi ke zama, kuma kowa ya san a turereniyar matakala maza ne za su riga. Sai da mu iyayen mata muka yi magana aka ware musu lokacinsu. Sun gyara da aka faɗa, wannan na ba su. Haka da azumi ya kama a watan Maris, makarantu suka tafi hutu, sai suka mayar da ajin yamma zuwa hantsi, yara suka riƙa komawa gida kafin azahar. A wannan watan ne makinta ya fi tashi.

Wajen rajista ba su yi wasa ba. Su ba cibiyar da JAMB ta amince ta yi rajista ba ce, kuma ba su yi da'awar haka ba. Mota suka ɗauka suka kai yaran inda aka amince, aka ɗauki hoton yatsunsu. Kafin nan sun sa kowa ya kawo takardar NIN da bayanan rajistar NECO ko WAEC an jera su an duba harafi bayan harafi, domin Muhammad a nan, Mohammed a can, ko ranar haihuwa biyu, na iya tsayar da yaro a ƙofar jami'a bayan ya ci komai. Sun gargaɗe mu cewa layin wayar da za a tura NIN da shi zuwa 55019 ya zama wanda ba zai ɓata ba, saboda ta kansa saƙonni za su riƙa zuwa har ƙarshe. Sun kuma duba shekaru, tunda yanzu 16 ne mafi ƙaranci na shiga jami'a.

Sakamako ya fito a watan Mayu. Turanci 54, Fiziks 61, Bayoloji 70, Kemistiri 76, kowanne cikin 100, jimla 261. Duk wanda ya karanta abin da na faɗa game da malaman zai ga kowannensu a cikin waɗannan lambobi.

Daga 174 zuwa 261 ba ƙaramin aiki ba ne, amma yarinyar ba ta yi murna ba, saboda wata da watanni tana wucewa ƙarƙashin allon da aka rubuta 300. A nan ne na fahimci ɓarnar wannan talla. Alƙaluman da JAMB ta fitar a lokacin sun nuna kusan mutum miliyan 1.95 suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Waɗanda suka samu 300 zuwa sama dubu 12 ne da 'yan kai, wato ko ɗaya cikin ɗari ba su kai ba. Wannan kafin a sake wa kusan mutum dubu 380 na Legas da jihohin kudu maso gabas jarrabawa ke nan, saboda tangarɗar na'ura da hukumar ta amsa da bakinta. Masu 250 zuwa sama ba su cika biyar cikin ɗari ba. Yarinyar da ta shiga wannan sahu ta kwana tana kuka don an sa mata a rai cewa 300 abu ne da ake saya da kuɗin wata uku.

Akwai wani dattijo a ofishin sama da yara ke kira Malamin Rajista. Tsohon jami'in jarrabawa ne a wata sakandare, ya yi ritaya. Ba ya cikin talla, ba a ambace shi ranar da muka biya kuɗi ba, amma zaman da muka yi da shi bayan sakamako shi ne abu mafi daraja da muka samu a gidan. Ya karɓi takardar, ya gyara tabarau, ya dubi yarinyar ya ce, "Kin yi ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka." Sannan ya juyo gare ni: "Hajiya, matso da kujera mu yi lissafi, kada mu yi fata."

Ya jawo farar takarda ya rubuta 140, ya ce wannan shi ne mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka tsayar a 2024. Daga baya, a taron watan Yuli, aka mayar da na 2025 zuwa 150. Ya ce iyaye da yawa suna jin wannan lamba a rediyo su ɗauka ɗansu ya tsallake, alhali ita izinin shiga layi ce kawai. Kowace jami'a tana da nata makin, kowane kwas kuma yana da nasa, kuma na likitanci, lauya, haɗa magunguna da aikin jinya yawan masu nema ne ke tura shi sama. Ya ce jami'a ba ta da ikon ɗaukar ɗaliban likitanci yadda ta ga dama. Hukumar MDCN mai kula da likitoci ce ke ƙayyade wa kowace makaranta adadi, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Ko masu 290 sun cika gari, kujerun ba sa ƙaruwa.

Sai ya zana akwati ya raba shi uku. Ya ce mu ƙaddara kujeru ɗari ne a jami'ar tarayya. 45 na cancanta ne zalla, duk ɗan Najeriya da ya fi maki, daga Kalaba yake ko daga Daura. 35 na 'yan jihohin yankin da jami'ar ke ciki ne. 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya a karatun boko, kuma Kano, Jigawa, Katsina, Zamfara, Sakkwato, Yobe da maƙwabtansu suna ciki. Yarinyar ta ɗago da sauri ta ce, "Malam, ke nan muna da ƙofa uku." Ya ce haka ne, amma ta tuna da waɗanda za ta tarar a kowace ƙofa. Ɗan Kano da ya nemi likitanci a BUK ba da 'yan Legas kaɗai yake takara ba. Yana takara da yaran makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da na makarantun kuɗi, da waɗanda suka rubuta bara suka dawo da ƙarfinsu, dukkansu 'yan yanki ne kamarsa. Haka abin yake a ABU Zariya da jami'ar Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Ya ƙara da cewa wasu kujerun na masu shiga aji biyu kai tsaye ne, irin waɗanda suka yi IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a.

Bai tsaya nan ba. Ya ce jami'o'in da ake rububi ba sa waiwayar wanda bai sa su a zaɓin farko ba. Ya ce makin UTME ba shi kaɗai ake dubawa ba: akwai post-UTME, wato jarrabawar da jami'a ke yi da kanta, ko tantancewa, wasu jami'o'in rabi da rabi suke haɗa shi da na JAMB, wasu kuma suna ba sakamakon sakandare maki. Kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji wajibi ne, kuma a likitanci yawanci a zama ɗaya ake so, ba a haɗa WAEC da NECO. In sakamakon ya fito dole a je a ɗora shi a shafin JAMB, in ba haka ba sunan yaro ba zai ko shiga cikin waɗanda za a duba ba. Ya ce ya ga masu maki mai kyau da suka rasa shekara a kan wannan kaɗai.

Na tambaye shi kai tsaye, da 261 za ta samu likitanci a jami'ar da ta zaɓa? Ya ce, "Hajiya, ba zan ce miki a'a ba, gaibu na Allah ne. Amma in 'yata ce, ba zan ɗora duk shekararta a kai ba." Ya jero hanyoyi. Ta tsaya ta gwada, ta yi shirin post-UTME kamar ranta. Ko ta canja zuwa jami'ar da ba ta kai waccan cunkoso ba, ya ambaci Dutse da jami'ar kimiyyar lafiya ta Azare a matsayin wuraren da ya kamata mu bincika sharuɗɗansu. Ko ta canja kwas zuwa gwaje-gwajen asibiti, ɗaukar hoton ciki ko gashin ƙashi, ya kuma ja kunne cewa su ma yanzu ba banza ake samunsu ba. Ko ta yi IJMB, ko ta sake rubutawa baɗi. Ya gargaɗe ta da wata magana da ke yawo a bakin yara, wai ka karɓi kowane kwas, in ka shiga sai ka tsallaka likitanci. Ya ce yana faruwa, amma ƙalilan ne, kada ta karɓi abin da ba za ta iya zama da shi har ƙarshe ba.

Bai zaɓa mata ba. Ya naɗe takardar ya ba ta, ya ce ta kai wa mahaifiyarta, a yi shawara, a yi istihara.

Babban ƙorafina a kan cibiyar shi ne, wannan zama ba ya cikin tsarinsu. Sai wanda ya sani ya hau sama ya nema. Kamata ya yi a tara iyaye tun Janairu, kafin a cike fom, a zana musu wannan akwati a allo. Yara da yawa sun rubuta likitanci a jami'a mafi cunkoso alhali gwajinsu bai taɓa haura 190 ba, babu wanda ya zaunar da su. Da na yi wa darakta maganar allon talla, ya ce, "Hajiya, in ban rubuta ba, na gaba da ni zai rubuta ya kwashe yaran." Na fahimci matsin kasuwa. Amma a ƙasa ana yi wa iyaye alkawarin gurbi, a sama dattijon da suke biya albashi yana faɗa musu babu mai iya wannan alkawari. Hotunan da suke mannawa a bango ma na 'yan ƙalilan ɗin da suka yi fice ne. Uwa ko uban da zai kai ɗansa irin wannan wuri ya tambaya: yara nawa kuka zaunar bara, nawa suka haura 250, nawa suka samu kwas ɗin da suka nema? In an yi ta kewaye-kewaye, wannan ma amsa ce.

Akwai kuma masu tsayawa a bakin ƙofa bayan sakamako ya fito. Wani mai manyan kaya ya tare ni ya ce yana da mutum a ciki, in na kawo wani abu da lambar yarinyar za a saka sunanta. Ba ma'aikacin cibiyar ba ne, amma a inuwarsu yake tsayawa, kuma ya kamata su kore shi. Tun 2017 duk gurbin da ya halatta ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi: jami'a ta gabatar da suna, JAMB ta amince, ɗalibi ya shiga da kansa ya karɓa ko ya ƙi. Gurbin da bai bi ta nan ba, yaro na iya yin shekaru yana karatu sai lokacin bautar ƙasa a ce ba a san da shi ba. Wanda kuma ya miƙa lambobin sirrinsa ga baƙo, ana iya canja masa kwas ko a karɓar masa abin da bai nema ba.

Ajin shirin post-UTME da suka buɗe daga baya kuɗinsa daban, kuma bai kai na farko ba. Maimaita tsofaffin takardu ne kawai, malamin Kemistiri ma ba kullum yake zuwa ba. Wanda ke da mai taimaka masa a gida zai iya haƙura da shi. Banɗakin mata ɗaya ne tak, ruwa sai an saya a baro. Wurin salla dai akwai, kuma ana tsayawa a yi magariba in darasi ya ja.

Bayan shawara da yayata da mijinta, yarinyar ta canja zuwa ilimin gwaje-gwajen asibiti, kwas na shekara biyar, a jami'ar da ta zaɓa tun farko. NECO ta fito da kiredit ɗinta cif, muka je aka ɗora, sunanta ya fito a CAPS, ta danna karɓa da hannunta. Ba zan ce likitanci ya fita daga ranta ba, har yanzu takan yi shiru in aka yi zancen. Wata ƙawarta da ta fi ta maki ta tsaya a kan likitanci, ba ta samu ba, ta koma ajin safe tana shirin sakewa. Wani yaro kuma da bai kai ta maki ba ya samu likitancin a wata jami'ar, inda 'yan jiharsu ba su yi yawa a layi ba. Duk ukun a aji ɗaya suka yi lesin.

Wurin ya dace da yaron da ke da tushe, wanda ke buƙatar a cike masa giɓi, a koya masa sauri da kwamfuta. Yaron da aka yi ta turawa aji zuwa aji bai iya karanta sakin layi ya fahimta ba, wata uku a nan ba za su gyara shekara shida ba, gara a kashe kuɗin a kan malami ɗaya da zai zauna da shi. Ƙanin yarinyar yana aji biyar yanzu, injiniya yake so, wato Lissafi zai maye gurbin Bayoloji a darussansa. Zan kai shi, amma tun dogon hutu, ba sai Janairu ba. Turanci na riga na yi magana da wata abokiyar aikina za ta riƙa zama da shi Alhamis da Juma'a suna karatu. Kafin in biya ko sisi zan nemi zama a bencin baya na ajin Lissafi, sannan mu hau sama wurin Malamin Rajista da sakamakonsa na aji huɗu da na biyar.